Cin Rani a Ƙasar Waje: Jagora ga Matashin da Ke Son Ya Je Ya Yi Aiki, Ya Ga Duniya, Ya Dawo Gida

Bara, bayan an ɗaure gero an kai rumbu, an kuma kakkaɓe riɗi, ɗan yayana ya same ni a zaure bayan sallar isha'i, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baffa, don Allah ka duba mini wannan kafin in yi wa Baba magana." Saƙo ne na WhatsApp daga wani mutum da bai taɓa gani ido da ido ba, da hoton gonar inabi shar da ita, an rubuta cewa akwai gurbin matasa a Ostireliya a ƙarƙashin bizar da suke kira "wokin holide", watau bizar da ke ba matashi damar ya zaga ƙasa yana kama ƙananan ayyuka don ya ciyar da kansa. Kuɗin kafin alƙalami da mutumin ya nema, in dai za a biya shi, sai an sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗar mahaifinsa. Na daɗe riƙe da wayar ina kallon fuskar yaron, domin na san burin da ke ransa ba abin zargi ba ne, kuma na san amsar da zan ba shi ba za ta yi masa daɗi ba.

Mu mutanen wannan yanki na Jigawa ba mu ne za a koya wa tafiya neman kuɗi tsakanin kaka da damina ba. Iyayenmu da kakanninmu sun ci rani a Kano da Jos da Kurmi, wasu sun bi fatauci har Gwanja, kuma abin da ya bambanta ɗan cin rani da wanda ya ɓace shi ne ranar dawowa, domin da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas yakan ɗaure kayansa ya kamo hanyar gona. Wannan jagora ta wanda ke son ya yi irin wannan tafiya ce zuwa wata ƙasa, da takardu na gaskiya, ya kuma dawo da mutuncinsa.

Mataki na farko: ka san wace ƙofa ce a rufe

Bizar yawo da aiki gaskiya ce, ba ƙirƙira ba ce, amma yarjejeniya ce tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma 'yan ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kaɗai ake ba wa. Ostireliya ta fara shirinta tun 1975, kuma a yau tana da kashi biyu, masu lamba 417 da 462. Ana ba matasa daga shekara 18 zuwa 30, wasu ƙasashen har zuwa 35, izinin zama na wata 12, ana so mutum ya nuna yana da kimanin dalar Ostireliya 5,000 ta guzuri, kuma wanda ya yi aikin gona ko makamancinsa na kwana 88 a yankunan karkara yana iya neman shekara ta biyu. Birtaniya tana da nata shirin na shekara biyu, wanda ake neman mai nema ya nuna fam 2,530 a asusunsa. Kanada da Niyuzilan su ma suna da nasu. Sai dai a cikin jerin ƙasashen da waɗannan shirye-shirye huɗu suka amince da su babu Najeriya. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai samo maka wannan biza da koren fasfonmu, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuwa yana son ya raba ka da kuɗinka ne. Kowace daga cikin waɗannan ƙasashe ta wallafa jerin a shafin hukumar shige da ficenta a intanet, kuma dubawa kyauta ce, ba ta wuce 'yan mintoci ba. Abin da na yi ke nan a daren nan, na buɗe jerin muka bi shi tare da ɗan yayana suna bayan suna har ƙarshe.

Na tsaya a kan wannan batu ne domin a nan ne ake yi wa yaranmu yankan baya. Wanda ya ji an rufe wannan ƙofa sau da yawa zuciya kan ɗebe shi ya saurari mai cewa a bi ta Agadas a shiga Libiya, kuma labarin waɗanda ƙishirwa ta kashe a Sahara, da waɗanda aka tsare ana kiran iyayensu a waya su aiko da kuɗin fansa, ba baƙo ba ne a kunnen kowa. Wannan ba cin rani ba ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na biyu: ka zaɓi ƙofar da ke buɗe, daidai da ƙarfinka

Ƙofa mafi kusa ita ce ta ƙasashen ECOWAS, watau ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun yarjejeniyar 1979, ɗan Najeriya yana iya shiga Gana ko Benin ko Togo ko Kwaddebuwa ko Senigal ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai inganci da katin rigakafi. Ga matashin ƙauye wanda bai taɓa wuce Kano ba, a ganina nan ya kamata ya fara, musamman Gana, inda za ka sauka a unguwannin zango na Kumasi ko Nima ta birnin Akara ka ji ana Hausa a masallaci da kasuwa kamar kana Gumel. Amma akwai abu biyu da ya kamata ka riƙe. Na ɗaya, izinin shiga daban, izinin zama da aiki daban, don haka in za ka wuce kwana 90, ko za ka kama aikin albashi, sai ka je ofishin shige da fice na ƙasar ka nemi takardar zama. Na biyu, dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan kasuwancin sayar da kaya a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kan wannan doka aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020. Dattawa ba su manta da korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaministan Gana Busia ba, lokacin da Hausawa da Yarbawa da yawa suka baro dukiyarsu suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka, kuma waɗanda abin ya fara ci su ne marasa takarda.

Game da Nijar, wadda mu mutanen Jigawa muke tsallakawa ta Maigatari kamar shiga gidan maƙwabci, ka sani cewa ita da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Zumunci yana nan, kasuwar Alhamis ta Maigatari tana ci, amma kafin ka yi nisa zuwa Damagaram ko Yamai da niyyar aiki, ka tambayi jami'an kan iyaka irin takardar da ake karɓa a lokacin da za ka tafi.

Wanda ya yi karatun boko yana da wasu ƙofofin a Turai, ko da yake ƙanana ne kuma suna bukatar haƙuri. Jamus tana ba matasa 'yan shekara 18 zuwa 26 bizar zama a gidan wani iyali na wata 6 zuwa 12, suna taya renon yara da ƙananan ayyukan gida na abin da bai wuce awa 30 a mako ba, a ba su ɗaki da abinci da kuɗin kashewa Yuro 280 a wata. Tana kuma karɓar baƙi a shirye-shiryenta na aikin sa-kai na shekara guda a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da makarantun yara. Bizar zaman gida tana bukatar shaidar jin Jamusanci na matakin farko da ake kira A1, kuma cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe da ke Legas tana shirya wannan jarrabawa. Kuɗin da ake samu ba na gina gida ba ne, ribar tana cikin harshe da gogewa. Ina kuma ba duk Musulmin da zai bi wannan hanya shawara ya tambayi iyalin tun kafin ya amsa, a fili kuma cikin ladabi, game da abincin da suke ci, da ko suna da kare a cikin gida, da ko za su ba shi lokacin salla da zuwa masallacin Juma'a.

Birtaniya tana da bizar aikin gona na lokaci, wadda ke ba da har wata 6 ana tsinkar 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, kuma ita ce ta fi kama da cin rani a zahiri. Sai dai ba a samunta sai ta hannun ɗaya daga cikin 'yan tsirarun kamfanonin da gwamnatin Birtaniya ta ba lasisin ɗaukar ma'aikatan, sunayensu suna shafin gwamnati, mafi yawan mutanen da suke ɗauka daga ƙasashen tsakiyar Asiya suke, kuma doka ta hana a karɓi kuɗin samo aiki daga hannun ma'aikaci. Ga masu digiri kuma akwai shirin matasa masu aikin sa-kai na Tarayyar Afirka, na wata 12 a wata ƙasar Afirka, da shirin gwamnatin Najeriya na tura ƙwararru ƙasashen waje da aka kafa a 1987, wanda ke kai malamai da likitoci da injiniyoyi aikin shekara biyu.

Saudiyya kuwa, wadda ita ce ta fi zama a zukatan mutanenmu, bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki ba. Wanda ya shiga da ita ya zauna ya zama ɗan takari, yana ɓuya daga 'yan sanda, ba shi da inda zai kai ƙara in an hana shi haƙƙinsa, ƙarshenta a kama shi a tsare a dawo da shi, a kuma hana shi komawa na tsawon lokaci. Aikin halal a can sai da bizar aiki da igama, watau katin izinin zama, a ƙarƙashin wanda ya ɗauke ka.

Mataki na uku: takardu

Ka fara da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, domin ba a yin fasfo sai da ita, ka kuma tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kanta da kan takardar haihuwa da takardun makaranta da asusun banki. Wannan ƙaramin abu yana tsayar da mutane watanni. Yaro ne za ka ga a wata takarda Muhammadu, a wata Muhammad, a wata kuma an sa sunan gari a madadin sunan uba, kuma jami'in da ke gaban kwamfuta ba zai yi maka uzuri ba. Ka gyara tun kafin ka biya kuɗin fasfo.

Fasfo iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara 5 da mai shafi 64 na shekara 10, kuma daga watan Satumban 2025 kuɗinsu a cikin gida naira 100,000 ne da naira 200,000. Ana cike takardar nema a biya ta shafin Hukumar Shige da Fice ta Najeriya, sannan a je ofishinta na Kano ko Dutse a ɗauki hoto da zanen yatsu. Ka biya da kanka ta shafin hukuma ka riƙe rasit, in kuwa ba ka iya ba, ka zauna kusa da wanda zai cike maka kana ganin abin da yake rubutawa. Wanda iyakar tafiyarsa ƙasashen ECOWAS ce yana iya neman takardar tafiya ta ECOWAS a wannan hukuma. Ƙasashe da yawa suna so ya kasance saura aƙalla wata 6 fasfo ya ƙare a ranar shiga.

Sai katin rigakafin cutar shawara, mai launin ruwan ɗorawa, wanda sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, kuma suna da ofis a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Allura ɗaya ta isa har tsawon rai, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Kada kuma ka sayi kati ba tare da an yi maka allurar ba, domin cutar tana kisa.

Idan takardu sun kammala, ka ɗauki hotonsu duka a waya, ka aika wa wani amintacce a gida, ka kuma buga kwafi biyu, ɗaya a jakarka, ɗaya a akwatin mahaifiyarka.

Mataki na huɗu: ka binciki aikin da wanda ya kawo shi

Yawancin masu cutar matasa ba baƙi ba ne, ta hannun ɗan gari suke shigowa, wanda shi ma wataƙila an yaudare shi ne. Kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata zuwa waje dole ne ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma takardar rajistar kamfani kawai ba ita ce lasisin ba, don haka ka nemi a nuna maka, ka je ofishin ma'aikatar ka tabbatar. Ka nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi sunan mai aikin da adireshinsa, da irin aikin, da awannin aiki, da albashi da ranar biyansa, da abin da za a cire na masauki da abinci, da wanda zai biya kuɗin jirgin dawowa. Ka kai wa wanda ya iya karatu sosai ya karanta maka a tsanake, domin matambayi ba ya ɓata.

Akwai alamun da in ka ga ko da ɗaya daga cikinsu ya kamata ka janye. Mutum ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum maimakon na hukuma, ko ya ce gurbi zai cika gobe don ya hana ka tunani, ko ya ce ka shiga da bizar yawon buɗe ido in ka isa za a juya ta, ko ya ce kada ka gaya wa iyayenka, ko ya ce zai biya komai ka riƙa biyansa daga albashinka. Wannan na ƙarshe shi ne tarkon da ya fi kama 'yan mata, domin bashin ba ya ƙarewa. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, tana da ofis a Kano, kuma nan ne wurin kai rahoton irin waɗannan mutane. Biza kuwa hukumomin ƙasar da za ka je ne kaɗai ke bayar da ita, kuma babu dillalin da ke da ikon ya yi maka alkawarinta.

Mataki na biyar: guzuri da sallamar gida

Ka lissafa kuɗin zuwa, da kuɗin dawowa, da abin da zai ciyar da kai ya biya masaukinka na aƙalla wata guda ko da ba ka samu aiki ba. Kuɗin dawowa ka ware shi daban kada ka taɓa shi ko da za ka kwana da yunwa. Ba na goyon bayan a sayar da gona ko san huɗa ko a jinginar da fili don tafiyar 'yan watanni, domin abin da za ka samo da wuya ya maye su. In buhunan riɗi ko zoɓo ko 'yan awakin da ka kiwata da kanka ba su isa ba, ka ƙara cin rani ɗaya a Dawanau ko a gonakin tumatir na Kadawa ka cika. Wanda zai bi ta mota daga Legas zuwa Akara zai ratsa Benin da Togo, inda ake kashe sefa, kafin ya shiga Gana, inda ake kashe sidi, don haka ya canza kaɗan a hannun sanannen ɗan canji, ya ƙirga a gabansa, ya kuma rarraba kuɗinsa a jiki wuri biyu ko uku.

Sannan ka zauna da mahaifinka da mahaifiyarka ka gaya musu inda za ka, da wurin wanda za ka sauka, da ranar da za ka dawo, ka nemi albarkarsu. In kana da iyali, ka bar musu hatsi da kuɗin cefane da wanda zai riƙa leƙa su, ka kuma fayyace wanda zai kai taki gona ya yi sharar ta kafin ka iso. Wanda ya tashi a Nuwamba bayan kaka zuwa wata ƙasar ECOWAS, kwanakinsa 90 za su cika a Fabrairu, ya dawo da sauran lokaci mai yawa kafin ruwan shuka ya sauka a Yuni.

Mataki na shida: kan hanya, masauki da komawa

Ka bi ta iyakar hukuma, kamar Seme tsakaninmu da Benin da Aflawo tsakanin Togo da Gana, ka tabbata an buga maka hatimin shiga, ka duba kwanan watan da kwanakin da aka rubuta maka kafin ka bar gaban jami'in, domin ba kullum ake ba da 90 ɗin cif ba. Direba ko ɗan acaɓa zai iya ce maka ya san ɓarauniyar hanya mai sauƙi, amma wanda ya shiga ba hatimi ba shi da hujjar ranar da ya shigo, kuma a ranar fita ne zai gane tsadar arahar.

Da ka isa, ka gabatar da kanka ga mai masaukinka da limamin unguwa da Sarkin Zango in akwai, ka san inda ofishin jakadancin Najeriya yake, ka sayi layin waya na ƙasar ka kira gida. Fasfonka ya zauna a hannunka, kada ka ba mai aiki ya ajiye maka, ko a Saudiyya doka ta hana shi riƙewa. Ka sayi ƙaramin littafi kana rubuta ranakun da ka yi aiki da abin da aka biya ka, ka kuma riƙa aika wani kaso gida ta banki ko hanyar da hukuma ta sani maimakon tara shi ƙarƙashin katifa. Kada ka karɓi saƙon kowa a rufe ka tsallaka iyaka da shi, ko da na ɗan garinku ne, sai an buɗe ka ga abin da ke ciki.

Kada kuma neman kuɗi ya sa ka manta rabin dalilin tafiyar. Ka ware rana ɗaya a mako ka fita ka ga gari, ka shiga kasuwar Kejetiya ta Kumasi, ka tsaya bakin teku, ka kalli yadda manomin can ke ban ruwa da yadda yake adana amfaninsa, ka koyi gaisuwa da ƙirge a harshen mutanen, ka lura da wata sana'a da babu ita a garinku. Idan saura mako biyu kwanakinka su cika, ka karɓi sauran haƙƙinka, ka biya bashin da ke kanka, ka yi sallama da mai masaukinka, ka fita ta iyakar hukuma a buga maka hatimin fita, domin fasfon da ya nuna an shiga an fita kan lokaci yana taimaka wa mai shi ranar da zai nemi bizar wata ƙasa.

Ɗan yayana bai tura wa mutumin nan ko sisi ba. Ya gyara sunansa a katin ɗan ƙasa, ya sayar da riɗinsa da tumaki biyu ya yi fasfo, kuma yana shirin sauka wurin wani ɗan garinmu mai sana'ar walda a Kumasi bayan kakar bana. San huɗar yana nan a turkensa, shi ya ja garma a gonar mahaifinsa a daminar da ta wuce.